Alkawarin Sirri da Aka Karya a Sashen Harsunan Nijeriya

Sharhabil Garba Sanda,
Wakilin Ɗaliban Aji Huɗu,
Sashen Harsunan Nijeriya,
Jami'ar Kogin Arewa, Kaduna.
Gida: Lamba 14, Layin Famfo, Kurmin Mashi.

Litinin, 12 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Mataimakin Shugaban Jami'a
Mai Kula da Harkokin Karatu,
Jami'ar Kogin Arewa, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN DAKTA UBAIDULLAH RABE, KODINETAN KARATU TA INTANET, BISA KARYA ALKAWARIN SIRRI, MURƊE SAKAMAKON JIN RA'AYIN ƊALIBAI, DA HANA ƊALIBA DEBORAH HARUNA ZAMA JARRABAWA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan ofishinka, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a matsayina na wakilin ɗaliban aji huɗu na sashen da aka ambata, kuma ɗaya daga cikin ɗalibai biyu da aka sa a kwamitin duba tsarin haɗa karatun aji da na intanet.

Na san ƙa'ida ita ce takarda irin wannan ta biyo ta hannun Shugaban Sashe. Na bi ƙa'idar. Na rubuta masa ranar 28 ga Afrilu, sakatariyarsa ta buga hatimin karɓa, kwafin yana haɗe da wannan. Bayan kwana takwas sai na ga takardata a kan teburin Dakta Ubaidullah, an rubuta a gefenta da jan biro cewa shi ya duba ya ba da amsa. Wato wanda na kai ƙara shi aka ba shari'ar. Wannan ne dalilin da ya sa na tsallako zuwa ofishinka, ba raini ba.

Kafin in shiga lissafin ƙorafe-ƙorafen, ya kamata in faɗi inda na tsaya, domin na ji an fara yaɗawa cewa 'yan aji huɗu maƙiya zamani ne. Ni ina goyon bayan tsarin. Da aka fara shi a watan Nuwamba na bara ni ne na fi kowa murna a ajinmu, kuma ni na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina saka musu manhajar a wayoyinsu. Mu sittin da huɗu ne, kusan rabinmu ma'aikata ne ko masu iyali. 'Yar ajinmu Ilham Kabir ta haihu a tsakiyar zangon farko, kuma ba don darussan intanet ba da ta ajiye karatun shekarar gaba ɗaya. Malama Binta Ado, mai koyar da mu Adabin Baka, ta nuna cewa abin yana yiwuwa: ta kafa ranakunta tun makon farko ba ta taɓa sauyawa ba, tana naɗar kowane darasi da murya ta tura mana, wanda sabis ya yanke masa ya saurara daga baya. Babu wanda ya taɓa kuka da ita. Kukanmu da yadda wani mutum ɗaya yake gudanar da tsarin ne, da abin da ya yi wa waɗanda suka faɗa masa gaskiya bayan shi ya roƙe su su faɗa.

1. Yadda ake gudanar da darasin Nazarin Karin Harshe.

Dakta Ubaidullah ne ke koyar da mu wannan kwas, kuma wajibi ne ga duk mai son kammalawa. Jadawalin sashe ya ce Talata a aji, Alhamis ta intanet. Daga farkon wannan zango zuwa yau an sauya wannan tsari sau goma sha ɗaya, mafi yawa da sanarwar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ina da hoton kowane saƙo daga zauren WhatsApp na aji. Zan kawo misali ɗaya kawai, domin a kansa komai ya ginu.

Ranar Talata 11 ga Fabrairu, darasin na aji ne, ƙarfe biyu na rana, a Ɗakin Lakca na Uku. Mu hamsin da ɗaya muka hallara. Akwai wanda ya taso daga Unguwar Shanu, akwai wanda ya bar wurin aiki, akwai Deborah Haruna da ta roƙi hedimasta ya sallame ta da wuri ta kamo mota daga Rigachikun. Ƙarfe biyu da minti ashirin saƙo ya shigo cewa darasin ya koma intanet, kowa ya shiga yanzu. Muka shiga, muna zaune a ɗaki ɗaya, kowa da wayarsa. Muryar malam ta riƙa fitowa daga wayoyi hamsin, wata na gaba wata na baya, ga ƙugi, ba ka jin ko kalma ɗaya. Ni ne na miƙe na ce kowa ya kashe tasa, a bar guda ɗaya. Na ɗora wayata a kan tebur na ƙure mata murya, aka matso aka kewaye ta.

Ranka ya daɗe, malam yana cikin mota ne. Ba zato nake yi ba: kyamararsa a buɗe take, muna ganin bel a ƙirjinsa da bishiyoyi suna wucewa ta taga. Muna jin hon. Ana tsakiyar bayanin bambancin Sakkwatanci da Kananci ya sauke gilashi ya yi cinikin ayaba. Bayan minti goma sha tara sabis ya ɗauke masa, bai dawo ba. Washegari manhaja ta fitar da rajistar halarta: mutum shida ne kawai suka halarci darasin, ni da wasu biyar da ke gida. Mutum hamsin da suka zo da ƙafarsu suka zauna a ɗakin da jadawali ya ce su zauna, an rubuta ba su zo ba. Na yi masa bayani a rubuce a ranar. Amsarsa ita ce na'ura ba ta ƙarya.

2. Alkawarin sirri.

Ranar Litinin 10 ga Maris Dakta Ubaidullah ya kira ni ofishinsa ya ce Majalisar Jami'a tana son jin ra'ayin ɗalibai kan tsarin, an shirya fom na intanet, in tabbatar kowa ya cike kafin 21 ga wata. Na tambaye shi ko za a ga sunayen masu amsawa, domin na san 'yan ajinmu ba za su buɗe baki ba in har za a gane su. Ya ce ko shi kansa ba zai iya gani ba. A saman fom ɗin ma an rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci, cewa ba a karɓar suna ko lamba.

Da wannan na tsaya gaban aji na ba su kalmata. Da yawa sun ƙi. Deborah na cikin waɗanda suka fi nuna shakka. Ta ce ta daɗe a aikin gwamnati, ba ta taɓa ganin takardar da ba ta san hanyar komawa gun mai ita ba. Na ce mata wannan daban ne, na rantse mata. A lokacin muna cikin azumi, ta ce tunda mai azumi ya rantse ta yarda. Mutum hamsin da takwas suka cike.

Abin da ba a gaya mana ba, kuma ni ban yi hankalin lura ba, shi ne fom ɗin ba ya buɗewa sai da imel ɗin jami'a, imel ɗin kowane ɗalibi kuwa lambar rajistarsa ce. Kowace amsa ta isa teburin Kodineta da lambar mai ita a goshinta. Mutumin da ya tsara fom ɗin ba zai ce bai san haka ba.

3. Murɗe sakamako.

An gabatar da rahoton ranar Alhamis 17 ga Afrilu a babban ɗakin taro na tsangaya, gaban ɗaliban aji biyu zuwa huɗu. Shafin farko ya ce ɗalibai takwas cikin kowane goma na ajinmu sun gamsu da tsarin yadda yake, don haka a mayar da rabin darussan shekara mai zuwa intanet. Ina roƙon ka buɗe shafi na goma sha huɗu na rahoton da kanka. Zaɓi uku aka ba mu. Waɗanda suka ce sun gamsu mutum bakwai ne. Waɗanda suka ce ba su gamsu ba sam, goma sha biyu. Sauran talatin da tara sun zaɓi cewa suna son tsarin amma sai an yi gyara. Sai aka kwashi talatin da taran nan aka zuba su cikin bakwai, aka kira su duka gamsassu, aka share kalmar gyara. Wanda ya ce a gyara rufin ɗaki kafin ya kwana a ciki, an rubuta ya ce ɗakin ya yi.

Gyaran da suka nema kuwa ba asiri ba ne, kuma ba shi da wuya. Sun ce a tsayar da jadawali a daina sauya shi da rana tsaka. Sun ce a riƙa naɗar darasi domin wanda wuta ba ta zo unguwarsu ba ko sabis ya yanke masa. Sun ce a daina tilasta buɗe kyamara, domin ba kowa ke da ɗakin da zai so aji guda su leƙa ba, ga kyamara na shanye data. Sun ce a gyara yadda manhaja ke ƙirga halarta, wadda in sabis ya yanke maka sau ɗaya kafin cikar minti arba'in da biyar take ɗaukar ba ka zo ba. Wasu sun ce kwas irin Karin Harshe, da ake buƙatar kunne ya ji lafazi sosai, a bar shi a aji. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai shiga rahoton da aka aika wa Majalisa ba.

A nan dole in faɗi laifina, domin za ka ga sa hannuna a shafin ƙarshe. Ranar 14 ga Afrilu Dakta ya tare ni a baranda da shafi ɗaya tal, ya ce 'yan kwamiti ke sa hannu, yana sauri. Ban nemi ganin sauran shafukan ba. Shi ne mai duba kundin digirina, babi na uku yana hannunsa, na ji nauyin in ce sai na karanta. Na sa hannu a tsaye, takardar a jingine da bango. Wannan sakaci nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma sa hannun da aka karɓa a baranda ba shaidar amincewar ɗalibai ba ce, kuma da wannan takarda ina janye shi.

4. Tozarta ɗaliba a bainar jama'a.

A wannan taro na 17 ga Afrilu, bayan ya gama karanta alƙaluma, Dakta Ubaidullah ya ce zai nuna misalin irin rashin tarbiyyar da ya ci karo da ita. Ya haska amsar mutum ɗaya a majigi. Ga abin da aka rubuta, na kwafo shi harafi da harafi: "Tsarin yana da kyau ga mu ma'aikata in za a riƙe shi da gaskiya. Amma malamin da ke koyarwa daga cikin mota, mu kuma muna zaune a aji an ce ba mu zo ba, ya sa mun yi ba tsuntsu ba tarko. Ni ma malama ce, kuma ba zan yi wa 'yan aji uku na firamare haka ba."

Ya karanta da wata irin murya ta kwaikwayo, har da lanƙwasa harshe irin na mutanen kudancin jiha, wasu yaran aji biyu suka yi dariya. Malamin Karin Harshe ke nan, wanda ya koya mana da bakinsa cewa babu karin da ya fi wani. Sannan ya ce: "Mai wannan rubutu tana cikin ɗakin nan. Allah ya jiƙan yaran da take koyarwa."

Bai ambaci suna ba, kuma na san da wannan zai kare kansa. Mace ɗaya ce malamar firamare a ajinmu. Ɗakin gaba ɗaya ya juya ya kalle ta. Deborah Haruna shekararta arba'in da ɗaya, ta yi shekara goma sha bakwai tana koyarwa, duk ajin Anti muke ce mata. Ba ta tashi ta fita ba. Ta zauna har aka tashi taron, jakarta a cinya, tana kallon allo. Ina layi ɗaya da ita, mutum uku ne tsakaninmu, ban iya ɗaga kai ba.

5. Takardun tuhuma.

Ranar Laraba 23 ga Afrilu ɗalibai tara na ajinmu suka sami takardar tuhuma daga ofishin Kodineta, ana zarginsu da ɓata sunan ma'aikacin jami'a, an ba su awa arba'in da takwas su ba da amsa. Kowace takarda ta kawo kalmomin da mai ita ya rubuta a fom. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa an bi sawun amsoshin. Ban kuma san dokar da ta ba Kodinetan Karatu ta Intanet ikon tuhumar ɗalibi ba. Na duba littafin dokokin ɗalibai daga bango zuwa bango, wannan hurumin Kwamitin Ladabtarwa ne.

An sanar da su da baki cewa wanda ya rubuta takardar ban haƙuri, magana ta wuce. Takwas sun rubuta. Ban ga laifinsu ba. Saura wata ɗaya jarrabawar ƙarshe, kowa da iyayen da ke jiransa. Ɗaya daga cikinsu ya nuna mini tasa, ya rubuta cewa sharrin shaiɗan ne ya sa ya ce sabis na yankewa a Unguwar Shanu. Deborah ta amsa tuhumar cikin ladabi, shafi ɗaya, ta ce ta rubuta abin da ta gani ne a inda aka tambaye ta, kuma ba ta da abin janyewa.

6. Hana ta zama jarrabawa.

Ranar Litinin 5 ga Mayu aka liƙa jerin waɗanda ba za su zauna jarrabawar Nazarin Karin Harshe ba saboda halartarsu ba ta kai kashi saba'in da biyar cikin ɗari ba. Suna ɗaya ne a jerin.

Ranka ya daɗe, a matsayina na wakilin aji ana turo mini rajistar manhaja duk mako, kuma na ajiye su duka. Mutum ashirin da ɗaya ne ba su kai kashi saba'in da biyar ba a wannan kwas, ciki har da shida daga cikin takwas ɗin da suka ba da haƙuri. An ɗaga wa ashirin ƙafa, kuma daidai ne a ɗaga musu, domin ƙirgar ce gurguwa. An bar mutum ɗaya. Deborah tana da kashi sittin da takwas. Akwai mai hamsin da biyu da zai shiga jarrabawa. In aka mayar mata da ranar 11 ga Fabrairu da wasu Talatoci biyu da irin haka ta faru kaɗai, ta haye ba tare da alfarmar kowa ba. Takardar halarta ta hannu da muka zagaya a waɗannan ranaku tana nan, da sa hannunta a kai.

Washegari, Talata 6 ga Mayu, na je ofishin Dakta Ubaidullah da waɗannan takardu. A nan ne na ga wasiƙata ta Shugaban Sashe a kan teburinsa. Bai ce in zauna ba, bai karɓi takardun ba. Ya ce doka doka ce, ƙofar ban haƙuri kuma har yanzu a buɗe take. Da na ce masa ni na ba mutane kalmata bisa kalmarsa, sai ya tambaye ni ko na gama gyaran babi na uku, ya ce yana ganin kamar ina da lokaci da yawa, wataƙila kundin nawa yana buƙatar a sake duba shi tun daga babi na ɗaya. Ba yaro ba ne ni, na gane abin da ake gaya mini. Ina so ofishinka ya san an faɗi haka, a wace rana, kuma a gaban sakatariyar da ke buga takarda a ɗakin.

7. Abin da wannan hukunci zai jawo.

Kwas ɗin sau ɗaya ake yin sa a shekara. In Deborah ba ta zauna ba, sai baɗi war haka. Izinin karatun da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta ba ta na shekara huɗu ne, yana ƙarewa a watan Satumba, kuma an riga an gaya mata ba a sabuntawa. Shekara huɗu tana koyarwa da safe, ta kamo motar Kawo da rana, ta koma Rigachikun ta yi makin littattafan yara. Ba ta taɓa faɗuwa kwas ko ɗaya ba. A Adabin Baka ita ta fi kowa maki a ajinmu, ta fi mu da aka haifa cikin harshen.

Ranar Asabar da ta wuce, 10 ga wata, na je gidanta da hantsi. Tun ranar taro nake guje mata, in na hango ta sai in sauya hanya. Na same ta a tsakar gida tana wanki. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo kunun zaƙi, ta tambayi lafiyar mahaifiyata. Na yi ta jiran faɗa bai zo ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na roƙe ta ta rubuta ban haƙurin nan kawai, layi uku, ta karɓi digirinta, Allah ya san gaskiya. Ta matse rigar da ke hannunta ta shanya, sannan ta ce: "Ƙanena, me zan ce na yi kuskure a kai? Motar ce ban gani ba, ko hon ne ban ji ba? Ranar Litinin zan tsaya gaban yara in ce kada su yi ƙarya." Ba ta tuna mini rantsuwata ba ko sau ɗaya. A motar dawowa na yanke shawarar rubuta wannan takarda.

Bisa abubuwan da na zayyana, ina roƙon ofishinka mai daraja da ya ɗauki waɗannan matakai:

Na ɗaya, kuma shi ne mai gaggawa, a mayar da sunan Deborah Haruna cikin masu zama jarrabawar Nazarin Karin Harshe, wadda za a yi ranar Litinin 26 ga Mayu da ƙarfe tara na safe, ba tare da sharaɗin ban haƙuri ba. Kwana goma sha huɗu suka rage. Kwamitin da zai zauna bayan wannan rana ba shi da amfani gare ta. A kuma ba wani malami daban makin takardarta.

Na biyu, a soke takardun tuhuma tara, a cire su da takardun ban haƙuri takwas daga fayil ɗin ɗaliban.

Na uku, a dakatar da rahoton 17 ga Afrilu kafin Majalisa ta yi aiki da shi. A sake jin ra'ayin ɗalibai a takarda, a akwati, a hannun wanda ba ya koyar da mu, a kuma buga abin da muka faɗa yadda muka faɗe shi.

Na huɗu, a binciki yadda aka tsara fom ɗin, da wanda ya ga lambobinmu, da inda amsoshin suke a yanzu. Ɗaliban sauran tsangayoyi ma sun cike irinsa, kuma har yau suna zaton ba a san su ba.

Na biyar, Dakta Ubaidullah Rabe ya janye kalamansa a ɗakin da ya furta su, gaban mutanen da ya furta su. Ban nemi a kore shi ba, wannan ba hurumina ba ne. Amma mutumin da ya roƙi gaskiya da alkawari, ya same ta, sannan ya bi masu ita ɗaya bayan ɗaya, ban ga yadda za a ci gaba da damƙa masa ra'ayin ɗalibai ba. Daga yau duk fom ɗin da jami'ar nan ta raba, amsar da za ta samu ita ce komai lafiya lau, kuma ita za ta yi asara.

Na shida, a sauya mini mai duba kundi. In hakan bai yiwu ba, na ji, zan ɗauki abin da ya zo. Kada wannan ya jinkirta na ɗaya.

Haɗe da wannan takarda akwai kwafin wasiƙata ta 28 ga Afrilu, hotunan saƙonnin sauya jadawali, rajistar manhaja ta mako goma sha uku, takardun halarta na hannu, shafi na ɗaya da na goma sha huɗu na rahoton, da kwafin takardar tuhumar Deborah da amsarta, da izininta. Akwai kuma shafi biyu ɗauke da sa hannun 'yan ajinmu arba'in da huɗu da suka karanta wannan ƙorafi yau da safe suka ce da yawunsu aka yi shi. Kowa ya rubuta cikakken sunansa da lambarsa da hannunsa. Uku daga cikin waɗanda suka ba da haƙuri suna ciki. Ban roƙi kowa ba, kuma wannan karon ban yi wa kowa alkawarin komai ba.

Jiya da yamma, bayan ta dawo daga coci, na karanta wa Deborah takardar nan ta waya daga farko har ƙarshe. Gyara ɗaya ta nema. Ta ce in rubuta a fili cewa kada a fake da maganarta a soke karatun intanet, domin akwai masu goyo da ma'aikata a aji uku da ke tafe, kuma in aka soke su za su sha wahala, ba Dakta ba. Ta ce a gyara kawai, abin da ta faɗa tun farko ke nan. Na rubuta kamar yadda ta ce.

Ina jiran amsar ofishinka, kuma a shirye nake in bayyana gaban duk wanda ka wakilta, a kowace rana, da asalin takardun a hannuna. Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon yin adalci a kan lokaci.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Sharhabil Garba Sanda,
Wakilin Ɗaliban Aji Huɗu,
Sashen Harsunan Nijeriya.

Kwafi zuwa ga:
Magatakardan Jami'a;
Shugaban Tsangayar Fasaha;
Shugaban Sashen Harsunan Nijeriya;
Dakta Ubaidullah Rabe, domin kada ya wahala wajen neman wanda ya rubuta.